Ƙwan da Ba a Juyawa

A ƙauyenmu Mamar ba a zaunar da kowa a koya masa juya ƙwai. Yaro yana tasowa yake ganin uwarsa durƙushe gaban gadon ƙyanƙyasa, ta shimfiɗa tafin hannu a kan ƙwan agwagwa tana murza su a hankali, shi ke nan hannunsa ya ɗauka. Ni dai ban taɓa ƙwarewa ba. Nawa aikin na baki ne: in loda 'ya'yan agwagwa a kwanduna, in bi kogi da su har Banjarmasin, wani lokaci in haye teku zuwa Surabaya, in sayar wa mutumin da ya gama rantsuwa ba ya so. Matata Bariah ita ce mai hannu. Takan ɗora ƙwai a fatar idonta ta gaya maka ko ƙaiƙayin shinkafar da ake ɗumama ƙwan da shi ya yi zafi da yawa. Tun da na aure ta ban ga safiya ko yammar da ta tsallake juyi ba. Ranar da za ta haifi 'yarmu Mahrita, wadda muke kira Rita, sai da ta juya na safe kafin ta yarda a kira ungozoma.

Da gwiwoyina suka daina shiri da kwalekwale, masu injin ƙyanƙyasa na lantarki kuma suka cika kasuwa, muka bar sana'ar, ɗakin ƙyanƙyasa ya koma ɗakin tarkace. Ba a jima ba Bariah ta fara mantuwa. Da fari abin dariya ne: gishiri sau biyu a miya, mayafi a kan mayafi. Sai ta fara kiran Rita da sunan yayar ita Bariah da ta rasu tun muna sabon aure. Wata Juma'a ta tafi karatun mata a masallaci, da ta dawo ta wuce ƙofar gidanmu. A bakin gada na tsince ta, tana tambayar mai kankana ina ne gidan Jumberi. Ni ne Jumberin. Na kama hannunta, na ce wa mai kankana tsokana take yi, muka yi dariya mu uku, muka dawo gida.

Da yammar ranar hankalinta ya dawo tas. Ta ce ta san abin da ke samunta, ta ga yadda ya yi wa kakarta. Abu ɗaya take roƙo: kada in bari Rita ta kai ta Banjarmasin. Rita ma'aikaciyar jinya ce a can, suna zaune da mijinta a saman bene, inda in ka leƙa taga ba ka ganin ruwa sai rufin kwano. Bariah ta taɓa zuwa ta ɗan kwana biyu, ta dawo kamar wadda aka sako daga kurkuku.

"Baban Rita, a nan ko kaina ya manta hanya, ƙafata ta sani," in ji ta. "A can in na ɓata, na ɓata ke nan."

Na yi mata alkawari.

Daga nan na samu sabuwar sana'a. Duk ƙarshen makon da Rita za ta zo, ni nake sa gishirin miya, ni nake raɗa wa uwarta sunan wanda ya yi sallama, in an yi mata tambaya in riga ta amsawa da wasa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye gurguwar agwagwa a tsakiyar kwando, ɓoye mantuwar mace ɗaya na kwana biyu ba zai gagare shi ba. Sai dai Rita 'yata ce. Hannun uwarta bai bi ta ba, idona ne ya bi ta.

Akwai kunkuru a gidanmu, mace, irin na fadama ɗin nan mai rawayen zane a wuya, wanda in ya ji motsi yakan janye kai da ƙafafu ya rufe ƙoƙonsa gaba da baya, ko tsinke ba ya samun hanya. Rita tana 'yar firamare ta ciro ta daga tarkon kifin kawunta Darham, ƙanin Bariah, ta yi ta kuka har ya fasa kai ta wurin masu saye. Bariah ce ta raɗa mata suna Hajiya, wai saboda tafiyar ƙasaita da yadda take lulluɓewa in baƙo ya shigo. A ƙarƙashin gida muka yi mata shinge, tsakanin dirkokin da gidan yake tsaye a kansu, tana cin ɓawon ayaba da ragowar kifi. Rita ta yi makaranta, ta yi aure, ta bar gari, amma in ta zo sai ta gaida Hajiya kafin ta gaishe ni.

Bana ambaliya ta karya shingen, Hajiya ta tafi yawonta. Da ruwa ya ja sai ga ta ta dawo da ƙafarta. Darham ya ce ai ga irinta nan, tsohuwa ta je ta ɗaura aure ba waliyyi, ya kamata a kai ƙara wurin liman. Ashe bakinsa ya faɗi gaskiya. Ta tona rami a gindin matakala ta zuba ƙwai uku, dogaye, farare, kowanne kamar babban yatsan hannu. Daga nan ta daina ci. Wata safiya na same ta a rufe, na ƙwanƙwasa ƙoƙon, na kai ta rana, na kai ta ruwa, ba ta sake buɗewa ba.

Rita ta zo ta binne ta a gindin ayaba. Ruwa kuma ya fara alamar dawowa, dole a ɗauke ƙwan. Ta riga ta yi tambaya wurin wanda ya sani kafin ta taso. Ta samo kasko, ta zuba yashi mai danshi gauraye da ƙonannen ƙaiƙayi, ta sa fensir ta yi ɗan gicciye a saman kowane ƙwai tun yana cikin rami, sannan ta ɗauko su da cokali ɗaya bayan ɗaya, yadda suke kwance, ta nutsar da rabinsu a yashin. Ta yi mana bayani cewa wannan ba kamar na agwagwa ba ne. Na agwagwa in ba a juya ba ɗan yakan manne da ɓawo ya mutu. Na kunkuru kuwa mannewar ita ce rayuwarsa: yakan kama saman ɓawon daga ciki, gwaiduwa tana ƙarƙashinsa, in aka kifa shi gwaiduwar ta danne shi. Za a ɗauki wata biyu zuwa uku. Babu abin da suke so sai ɗumi, da danshi, da a ƙyale su.

Da ta tambayi inda za a ajiye kaskon, ni da bakina na ce ɗakin ƙyanƙyasa, don ya fi ko'ina ɗumi kuma ɓera ba ya shiga. Ban yi tunani ba. Na ɗauki kaskon na ɗora shi a kan gadon da Bariah ta yi rayuwarta a durƙushe gabansa.

Rita ta riƙe hannun uwarta biyu. "Uma, aikinki ɗaya ne. In yashi ya bushe ki yayyafa ruwa a gefe. Amma kada ki juya su. Kin ga alamar nan? Kullum tana sama."

Bariah ta ce ita za a koya wa ƙwai? Ta ji, ba a juyawa.

Na raka Rita bakin titi. Tana jiran mota, ba ta dube ni ba ta ce, "Abah, kullum kana ce min lafiyarta ƙalau. To, shi ke nan." Ni kuwa na yi ciniki da mutane iri-iri, na san lokacin da mai saye ya ajiye kaya a kan ma'auni yana kallon wani wuri. Na ce a raina yarinyar nan gwada uwarta take yi. In ƙwan nan suka kai lafiya, Bariah ta zauna. In ta taɓa su, ta tafi bene.

Farkon abin ya tafi daidai. Bariah takan shiga ta duba yashi da ɗan yatsa, ta fito tana ce min, "Ba a juyawa," kamar ni ne mai mantuwar. Wani farin zobe kamar alli ya fito a tsakiyar kowane ƙwai. Na nuna wa Rita ta waya, ta yi murna ta ce alamar rai ke nan, duka ukun sun kama. Na ji muryarta ta koma irin ta ranar da ta ciro Hajiya daga tarko.

Wata safiya na dawo daga masallaci na ji waƙa daga bayan gida. Waƙar da Bariah take yi a hanci ce in tana aiki, na daɗe ban ji ta ba. Na leƙa. Tana durƙushe, bayanta a miƙe kamar na budurwa, yatsunta a cikin kasko. Kafin in buɗe baki ta gama. Ta shafa su sau ɗaya da tafin hannu, ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta wuce ni tana cewa shayi ya kusa.

Na tsaya a kan kaskon. Babu gicciye ko ɗaya a sama.

Waya tana aljihuna. Zan iya kiran Rita in ce ga abin da ya faru, me ake yi? Wataƙila akwai dabara. Wataƙila in an bar su yadda suka koma wani zai jure. Ban sani ba, har yau ban sani ba, don ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne da yamma Rita za ta kira ta ce a nuna mata kasko. Na sa yatsa biyu na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, gicciye ya dawo sama, na gyara yashin gefensu. Sun yi sanyi a hannuna, ba kamar na agwagwa ba. Na gaya wa kaina juyi ɗaya da mayarwa ɗaya, kamar ba a yi ba ne.

Da la'asar Bariah ta sake juya su.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Na sa wa ɗakin kwaɗo. Washegari ta zo ta tarar da shi a kulle, ta tsaya tana jijjiga ƙofar, tana kuka tana cewa za su manne, za su mutu, wane marar imani ne ya kulle mata ɗaki. Gidajenmu na katako ne, tari ma maƙwabci yana ji. Na buɗe. Na sayo ƙwan agwagwa na zuba mata a kwando da ƙaiƙayi, ko hannunta zai samu abin yi. Ta ji daɗi ƙwarai, ta juya su, sannan ta juya na kasko. Na yi tunanin kai kaskon gidan Darham, amma sai na faɗi dalili, kuma bakin Darham kamar kwandon kama kifi yake. Ban da haka Rita takan so ta ga uwarta da kaskon tare a cikin waya. Daga baya na daina tunani. Na ce ai abin da zai lalace ya riga ya lalace.

Wani abin kuma da ya ɗaure min hannu: Bariah ta warware. Tana cin abinci, tana barci, tana tashi da abin yi. Ta daina kirana da sunan babanta. Wata rana har ta dafa miyar kabewa da kifin da muke kira haruan, gishiri daidai, ta zauna tana min tsiyar wata bazawara ta Surabaya da ta daɗe tana zargina da ita. Na daɗe ban samu matata ba kamar a kwanakin nan. Haka muka tsara zamanmu: ita ta shiga ta juya, ta fito tana waƙa, ni in jira ta shiga kicin in lallaɓa in mayar. Safe da yamma. Ban taɓa tsallake nawa ba, kamar yadda ba ta tsallake nata.

Darham ya zo wata rana da rana tsaka da busasshen kifi. Ya ce a nuna masa 'ya'yan Hajiya ya ga ko sun yi kama da ubansu. Na yi ta kewaye-kewaye, ya ture ni ya shiga. Shi ya kama kunkuru ya fi a ƙirga a zamaninsa. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Farin zoben nan bai ƙara faɗi ba, har ya fara komawa ruwan ƙasa. Ya dubi yashin, ya ga ya yi laushi kewaye da kowane ƙwai kamar gurbin da ake yawan taɓawa. Ya dubi kwandon ƙwan agwagwa a gefe.

"Tsohon dillali," ya ce, "wa kake shirin sayar wa wannan kayan?"

Na ce masa ya kula da tarkonsa, wanda rabonsa da kama abin kirki tun zamanin da yake da gashi.

Bai yi dariya ba. Ya ce Bariah yayarsa ce, shi ma yana da ido, ranar nan ta tambaye shi ko ya dawo daga makaranta. Ya ce in gaya wa yarinyar. Na ce in ya buɗe baki, shi zai je ya tsaya gaban Bariah ya gaya mata ta haɗa kayanta. Na san inda zan taɓa shi, shekara nawa muna tare. Ya ajiye kifin ya tafi, bai sha shayin da aka zuba masa ba.

Lokaci ya yi, har ya gota. Rita takan tambaya ta waya ko an ga tsaga, in ce tukuna, kunkuru ai ba ya sauri. Wata Asabar ta zo. Ta gaisa da uwarta, ta wuce ɗakin, na bi ta. Ta rufe ƙofa ɗakin ya yi duhu, ta kunna fitilar waya ta kara a jikin ƙwai na farko ba tare da ta ɗaga shi ba. Na sha haska ƙwai a rayuwata, ba sai an gaya min ba. Babu jijiyar jini, babu motsi, sai wani baƙin abu ya kwanta a gefe guda. Na biyu haka, na uku haka. Baragurbi duka.

Ta ɗauki ɗaya ta fita da shi bayan gida ta fasa a kan ganyen ayaba. Wari ya tashi. A ciki akwai ɗan abu kamar ƙwayar wake, har an fara gane kai da ɗigon ido. Ta fasa na biyu, shi ma haka. Na ukun ta ce a bar shi, ba za ta iya ba.

Ta zauna a matakala ta fara lissafa laifinta. Wai hannunta ya yi rawa ranar da ta ɗauko su. Wai da ta bar su a raminsu ta yi musu tudu. Wai ita da take kula da jariran mutane ta kasa kula da ƙwai uku, abin da Hajiya ta bari ke nan duk duniya. Tana magana hawaye na zuba, ba ta share ba.

Ina tsaye a kanta. Na ji bakina yana cewa wataƙila yashin ne ya yi danshi da yawa tun farko, ƙonannen ƙaiƙayi yana riƙe ruwa. Na faɗa da murya mai taushi, irin wadda nake yi wa mai saye in agwagwarsa ta mutu a hanya, in nuna masa rana ce ta yi yawa. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne, ita ta haɗa yashin. Na dafa kafaɗarta. A duk abin da na yi, wannan dafawar ita ce ba na son tunawa.

Bariah ta kira mu cin abinci. An shimfiɗa tabarma, ga shinkafa, ga gasasshiyar agwagwa da Rita ta sayo a garin Amuntai. Bariah ta lura da idon 'yarta, ta tambaya. Na yi sauri na ce hayaƙi ne. Rita ta ce a'a, Uma, ƙwan Hajiya ne ba su yi ba.

Bariah ta ajiye cokalin miya. Ranta ya ɓaci irin ɓacin ran mai sana'a da aka taɓa mutuncinsa.

"Ba dai daga wurina ba," ta ce. "Safe da yamma nake juya su, ko sau ɗaya ban tsallake ba. Tambayi babanki. Sai dai in ƙwan ne ba su da kyau tun asali."

Ta ɗauki cinyar agwagwa ta sa wa Rita a kwano, ta ce ta ci, ta rame.

Rita ta ci cinyar har ƙashi, ta yaba gashin, ta taya uwarta kwashe kwanuka. Sai da Bariah ta kwanta hutun rana sannan Rita ta same ni a bayan gida, inda na je na tsaya ina gyaran shingen da babu mai zama cikinsa.

"Duk ranar da na kira, alamar tana sama," ta ce.

Na ce haka ne.

"Wa yake mayar da ita?"

Ba ta jira amsata ba.

"Uma mantuwa ta yi, Abah. Kai fa?"

Sai na kwance mata komai: gada, mai kankana, alkawari, kwaɗo, kukan bakin ƙofa. Na yi magana mai kyau, don na iya. Na ce ta dubi yadda uwarta ta murmure. Na ce na gane gwaji ta ajiye mana, kuma ba adalci ba ne a gwada mace da abin da hannunta ya yi shekara da shekaru yana yi.

Ta bari na gama. Sannan ta ce mai kankana ya gaya mata labarin gada tun a makon da abin ya faru, don matarsa ta taɓa kwanciya a ɗakin asibitin da Rita take aiki. Ta ce ta san halin da uwarta take ciki, aikinta ne, ba ta bukatar ƙwai su gaya mata. Ba ta kawo kaskon don gwada kowa ba, ta so 'ya'yan Hajiya ne kawai, kuskurenta da ta yarda aka sa shi a wannan ɗaki. Maganar da ta yi min a bakin titi kuwa, ƙofa ta buɗe min ko zan faɗa mata da bakina. Har ta riga ta yi magana da wata 'yar ƙanwar mijinta da za ta iya zuwa ta zauna da mu, tana jira ne in ce ina bukata.

"Da ka kira ni ranar farko ka ce Uma ta juya, da na bar ta a nan," ta ce. "Don na san in wani abu ya faru za ka faɗa. Yau ƙwai ne. Gobe in murhu ne, ko kogi, me za ka nuna min a waya?"

Na koma kan gyaran shingen.

Ta ce da safe za su tafi. Ta ce akwai wuri in ina so in biyo su, in na rufe gida. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tada maganar yashi ba. Da ta tada da na fi samun sauƙi.

Ni aka bar wa gaya wa Bariah. Na ce mata za ta raka Rita ne a duba mata ido, kwana biyu ta dawo. Ta dube ni ta daɗe, har na ɗauka wannan hankalin na ranar alkawari ne ya dawo, na shirya jin abin da za ta ce. Sai ta tambaya ko a saka koren mayafi ko mai furanni.

Da safe Darham ya zo ya ɗauki jaka ya kai bakin titi, bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba. Bariah ta sauka matakala tana dafa kafaɗar Rita, ta bi gadar katako ba tare da ta kalli ƙasa ba, ƙafarta ta san kowane katako mai motsi. Ta gaida maƙwabta ta ce musu jibi tana nan. Da ta shiga mota ta zauna, sai ta ƙwanƙwasa gilashi. Rita ta sauke mata.

"Baban Rita, na yi na safe," ta ce. "Na yamma kada ka manta. Na san halinka."

Na ce to.

Na dawo gida na wanke kofunan shayi, na naɗe tabarma, na zauna a matakala har inuwar ayaba ta kai bakin ruwa. Da aka kira la'asar na yi salla, na shiga ɗakin ƙyanƙyasa. Ƙwai ɗaya ya rage a kaskon, gicciyensa a ƙasa yadda ta bar shi, don yau ban bi bayanta ba. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Na shimfiɗa tafin hannu a kansa yadda na ga tana yi, na juya shi.